Yadda zaka riƙe sensoshinka da caji a Kano ba tare da sun riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutun na masu haɗa ƙananan na'urorin nan ne da ke auna abu su tura rahoto ba tare da waya ba, ko sensar damshin ƙasa ce a gonar tumatir ta wajen Kadawa da Kura, ko mai auna zafi a gidan kaji, ko mai duba ruwan tanki a saman bene, ko wadda ake sakawa a sito a Dawanau don a san in hatsi ya fara ɗaukar laima, har da ɗaliban BUK da na Wudil masu furojet. Matsalar kusan iri ɗaya ce wajen kowa, abu yana aiki lafiya lau a kan tebur, an kai shi fili an ɗaura, bayan sati biyu sai kaga sun fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya, kuma abu na farko da mutum zai ce shi ne bari in je Sabon Gari in sayo babban fanel ɗin sola. Dan Allah ka dakata tukunna. Fanel shi ne abu na ƙarshe da zaka saya, na farko mita ce.

Ka ɗauki maltimita ka saka ta a layi tsakanin batir da na'urar, ka auna abin da take ci tana farke da abin da take ci tana barci. Anan gizo ke saƙar. ESP32 ɗin nan da kowa ke so, wato ƙwayar da ke zama ƙwaƙwalwar na'urar, ita kanta ƙwayar in ta shiga barci mai nauyi kusan 10 µA take ja (µA 1000 ne ke yin mA ɗaya), amma in tana tura saƙo da Wi-Fi tana kaiwa 240 mA. To matsalar ba ƙwayar kaɗai kake saya ba, bodi ne gaba ɗaya, kuma akwai regyuleta AMS1117 a kai wadda ita kaɗai tana shan wajen 5 mA ko da ba a komai, ga ƙwayar USB, ga 'yar fitilar nan ja da bata mutuwa. Shi yasa zaka rubuta kod ɗin barci daidai amma mita ta nuna maka 8 ko 10 mA.

Bari mu yi lissafi da misali don abin ya fito fili. A ce na'urarka tana farkawa duk minti 15, ta yi daƙiƙa 3 tana aiki a kan 80 mA, ta koma barci a kan 0.05 mA. Sau 96 kenan a rana, daƙiƙa 288, wato 6.4 mAh, ka ƙara 1.2 mAh na barci, a ce 8 mAh a rana. Batir 18650 mai 2500 mAh, ko ka cire kashi 30 cikin 100 saboda zafi da tsufa, zai kai ka wajen wata 7 babu ko fanel. Amma wannan na'urar dai, in bodin yana zubar da 10 mA a barci, 240 mAh ke tafiya kullum a banza, kwana 7 batir ya ƙare. In kuma bata barci sam, ko kwana ɗaya bazai cika ba. Kod ɗaya, batir ɗaya, bambancin wata 7 da kwana 7, kaga ai ba maganar fanel bace.

Gyaran ba wuya. Cire fitilar da ayan ɗin solda, canza regyuleta zuwa HT7333 ko MCP1700 waɗanda 'yan µA kawai suke sha, ko ma ka sayi modul ɗin zalla ka haɗa bodinka. Ita kanta sensar kada ka bar ta a kunne dare da rana, ka bi da wutarta ta ƙaramin MOSFET, wato makunnin da kod ke kunnawa da kashewa, na'ura ta farka ta kunna ta, ta karanta, ta kashe. Sannan ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kana buƙatar rahoto duk minti ɗaya. Damshin ƙasa baya canzawa cikin minti, sau ɗaya a awa ya wadatar. Zafin gidan kaji a watan Afrilu kam wannan daban, yana iya kashe maka kaji cikin ɗan lokaci, to nan ka auna akai-akai amma kada ka tura sai in ya haura iyakar da ka saka, domin aunawa bata cin wuta kamar turawa.

Rediyon da ka zaɓa ma yana da hannu sosai. Mutane da yawa suna kama SIM800L, modul ɗin da ke turawa ta layin waya, saboda araha ne kuma ka saka sim kawai, amma yana fizgar har 2 A lokaci guda in yana neman netwok, in batir ya ɗan yi ƙasa sai kaga yana ta kashe kansa yana tashi, kowane tashi kuma sabon neman sabis ne, nan caji ke ƙarewa. In dole sai shi, saka masa kafasita mai girma kamar 1000 µF dab da ƙafafunsa, wayoyin su zama gajeru masu kauri, kuma ka tara karatun awa guda ka tura lokaci ɗaya. A misali in kowace turawa tana ɗaukar daƙiƙa 30 a kan 200 mA, duk minti 15 zai ci 160 mAh a rana, duk awa kuma 40 ne kacal. Ni dai in sensoshin sun wuce uku ko huɗu a wuri ɗaya LoRa nake ba da shawara, wato rediyo mai kai ɗan gajeren saƙo nesa da wuta kaɗan, kowace ta tura wa na'ura guda ɗaya mai tattara saƙonni, matattara kenan, matattarar ce kawai ke da sim. Kuma ka ɗaga eriyar matattarar sama iya yinka, saman tanki ko dogon fol, saboda in sigina na da kyau sensa zata iya magana a saitin LoRa mai sauri, SF7, in babu kyau sai ta koma mai jinkiri, SF12, inda ɗan gajeren saƙo ɗaya yake ɗaukar fiye da ninki 20 na lokaci a iska. Ɗaga eriya sama ya fi ƙara wa sensa goma batir araha.

Yanzu batir, kuma anan nake so ka natsu saboda Kano ce. Duk 18650 da ka gani an rubuta masa 9900 mAh ƙarya ne, na gaskiya mafi girma wajen 3500 yake tsayawa, kuma na kirki yana da nauyi a hannu, gram 45 ko sama kaɗan, na bogi zaka ji shi sakayau. Masu ciro su daga tsohon batirin laftof a Farm Centre ko Beirut Road ba laifi, ana samun masu kyau a ciki, amma sai ka gwada kowanne da cajar da ke auna ƙarfi, ka cika shi ka ajiye sati ɗaya kaga ko ya riƙe, wanda ka tarar ƙasa da 2.5 V ko yake ɗumi in yana caji ka ware shi gefe kada ka yi masa kwaɗayi.

Shi wannan batirin lithiyam na yau da kullum ba a so a caja shi in zafinsa ya wuce digiri 45. To a Afrilu da Mayu inuwa kanta tana taɓa 40, ina ga baƙin akwati a kan kwano da ƙarfe biyu na rana, kuma daidai lokacin ne fanel ke turo caji mafi yawa. Ga zafi ga cika har 4.2 V kullum, waɗannan biyun su ne ke tsofar da batir da wuri, wani ma ya kumbura. Saboda haka ni na fi natsuwa da LiFePO4 a duk abin da zai zauna a waje. Ƙarfinsa 3.2 V ne, ana cika shi zuwa 3.6, ya fi jure zafi, baya saurin kama wuta, yana yin zagayen caji 2000 ko fiye, kuma da yake ESP32 tana aiki tsakanin 3.0 da 3.6 V zaka iya haɗa su kai tsaye ba regyuleta ma. Aibinsa bai ɗaukar caji da yawa, mai girman 18650 wajen 1500 mAh ne, amma akwai ƙato 32700 mai wajen 6000. Abu ɗaya dai kada ka kuskura, kada ka caja shi da ƙaramin bodin cajin nan TP4056, domin ita 4.2 V take kaiwa. Nemi CN3058 ko TP5000 da aka saita a 3.6.

Ita TP4056 ɗin tunda ita ce a hannun kowa bari in ɗan tsaya a kanta, don masu batirin 4.2 V na yau da kullum. An yi ta ne don cajin USB ba don sola ba, tana zuwa a saite tana neman 1 A, ƙaramin fanel kuma bashi da wannan, sai bolt ɗinsa ya faɗi ƙasa. Akwai rizista 1.2k a kan bodin, in ka canza ta da 4.7k zata koma neman wajen 250 mA, 10k kuma wajen 120 zuwa 130, ka daidaita da abin da fanel ɗinka ke iya bayarwa. Ka sayi mai kariyar DW01 don kada batir ya zube har ƙasa. Kuma fanel mai 6 V zaka haɗa mata, kada ka ɗauko na 12 V, wannan in babu kaya a kansa yana haura 20 V, ita kuma 8 V ne iyakarta, nan take zata ƙone. In da hali CN3065 ta fi dacewa don ita tana rage abin da take ja daidai da ƙarfin rana, CN3791 kuma mai MPPT ce, wato tana bin inda fanel ya fi ba da wuta, tana da amfani in fanel ya kai wat 5 zuwa sama, ƙasa da haka ban ga ribar ƙarin kuɗin ba.

Sai girman fanel. Allah ya hore mana rana, a matsakaici Kano na samun kusan awa 6 na cikakkiyar rana a yini, amma kada ka yi lissafi da matsakaici, yi da mafi munin lokaci, wato tsakiyar Agusta in hadari ya kwana uku bai waye ba, da kuma Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauko rana ta zama fara fat. Ni awa 3 nake ɗauka, sannan in raba biyu saboda ƙura da zafi da asarar caja. Fanel mai 6 V wat 1 yana ba da wajen 165 mA a tsakar rana, sau 3, rabi, wajen 250 mAh kenan a rana. Ga sensar da ke cin 8 mAh wannan ya yi yawa ma, ga mai sim da ke cin 160 kuma da ƙyar ne, sai ka ba ta wat 2 ko 3. Ƙaramin fanel yana da wata fa'ida da ba a faɗa a littafi, ɓarawo bai cika damuwa da shi ba.

Wajen ɗaurawa, Kano tana kan digiri 12 arewa, don haka ka fuskantar da shi kudu da ɗan karkata digiri 12 zuwa 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana ɗan ratsawa ta arewa da tsakar rana, shi yasa ba a so ka miƙar da shi da yawa, amma kuma kada ka kwantar da shi shimfiɗe, ƙura zata zauna ruwan sama bazai wanke ba. Inuwa kuwa ko ta reshen darbejiya ɗaya ce ko kashin tsuntsu a kan gida ɗaya na fanel ɗin, tana iya jawo shi ƙasa gaba ɗaya domin gidajen a jere suke haɗe. Ka je wurin da safe ka koma da la'asar kaga inda inuwa ke bi kafin ka kafa. Lokacin hunturu a goge shi duk sati da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. Akwatin ya zama fari, ya ɓuya a ƙarƙashin fanel ɗin da ɗan tazara don iska ta ratsa, ramin wayoyi ya kalli ƙasa, wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga waje, in zaka bar kafar iska ka rufe ta da raga saboda tururuwa.

Matattara ita ce bata barci, kuma in ta mutu duk sauran aikin banza suke. In tana cin wat 5, wat-awa 120 kenan a rana, da lissafin awa 3 da asara kana buƙatar fanel wat 60 zuwa 80, da batir da zai riƙe kwana biyu ba rana, LiFePO4 mai 12 V 20 Ah, in na ruwa ne kuma 40 Ah saboda rabinsa kawai ake so ka sha. Anan ne ya kamata kuɗinka ya tafi. Haka in tsarinka irin na miƙa-miƙa ne kamar Zigbee, inda wannan ke miƙa wa wancan har saƙo ya isa, ka sani na kusa da matattara su zasu fara mutuwa don saƙon kowa ta kansu yake bi, kuma masu miƙawar basa barci, kunnensu a buɗe yake suna cin 20 zuwa 30 mA dare da rana. Kada ka raba musu batir daidai wa daida da na can ƙarshen gona. Masu bincike sun daɗe da gano wannan, tun shekarar 2000 aka fito da tsarin LEACH a jami'ar MIT ta Amurka inda shugabancin rukuni ke zagayawa tsakanin sensoshi don kada ɗaya ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

To inda babu rana fa, kamar cikin sito ko ƙarƙashin gada a kan Jakara ko ɗakin sanyi? Abu mafi sauƙi ka ɗaura fanel a waje ka ja waya. In bazai yiwu ba kuma na'urar bata ci da yawa, akwai batirin da ba a cajawa mai 3.6 V irin ER34615 mai wajen 19000 mAh, a kan 8 mAh a rana shekaru zai yi, sai dai baya son fizga mai ƙarfi sai an haɗa masa kafasita, kuma kada a taɓa gwada caja shi. Caji ta iska da ake ta magana gaskiya ne akwai shi, a 2007 ƙungiyar Marin Soljačić a MIT ta kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan kusan mita 2 da koyil biyu, kusan kashi 40 cikin 100 na wutar ne ya isa, kuma daga nan ne aka yi ta rubuce-rubuce a kan mota ko jirgi maras matuƙi da zai riƙa zagayawa yana caja sensoshi. Akwai kuma masu turo wuta ta igiyar rediyo irin na Powercast a 915 MHz, amma ƙarfin yana raguwa da sauri, ka ninka nisa biyu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, abin da ke isa ɗan mitsitsi ne. Wanda na ga zai yi mana amfani yau shi ne koyil ɗin Qi irin na waya, ka manna shi a cikin akwatin roba da ka rufe ruf, in lokaci ya yi ka ɗora caja ta waje ba sai ka buɗe ba, sai dai dole su kusa haɗuwa, 'yan milimita ne tsakani.

A wajenmu motar cajin nan mutum ne a kan babur da jakar batura, kuma abin da masu binciken suka gano yana aiki a kansa daidai. Kada ya riƙa bin su layi-layi duk Asabar ko suna buƙata ko basa buƙata, kada kuma ya riƙa zuwa wa na kusa kawai, domin ta haka na nesa ke mutuwa suna jira. Kamar ɗan garuwa ne da ya san gidan da randarsu ta kusa ƙafewa, can zai fara ko da akwai gida a bakin layi. Don haka kowace sensa ta riƙa haɗo bolt ɗin batirinta a cikin saƙo. Rizista biyu masu 1M da ƙaramar kafasita 100 nF sun isa, wajen 2 µA kawai zasu sha, in ka sa masu 10k kuwa kai da kanka ka buɗe wata kafar zubar caji. Sannan abin dubawa shi ne kwana nawa ya rage mata, ba kashi nawa ya rage ba, wadda ke kan kashi 50 amma tana miƙa saƙon wasu goma ta fi gaggawa a kan mai kashi 30 da ke barci duk yini. Ka fara da masu gaggawa, waɗanda ke kan hanyarsu kuma sun yi ƙasa ka haɗa da su a tafiya ɗaya. Kuma musanya ya fi tsayawa caji, domin lithiyam yana saurin kaiwa kashi 70 zuwa 80 sannan ragowar ya yi ta jan ƙafa, ka saka gidan batir mai cirewa, a zare a saka cikakke, a caja wancan a gida cikin inuwa.

Ita ma na'urar ka koya mata tattali a cikin kod. Ga batirin 4.2 V, in yana sama da 3.9 ta yi aikinta duk minti 15, ya sauko ƙasa da 3.6 ta koma duk awa, ƙasa da 3.4 sau biyu a rana da saƙon neman agaji, ya kai 3.3 ta yi barci kawai tana leƙa bolt har rana ta dawo da shi. Ka bar tazara tsakanin inda take kwanciya da inda take tashi, a ce sai ya koma 3.6, in ba haka ba zata tashi ta fizgi wuta bolt ya faɗi ta sake mutuwa, haka zata yi ta yi har gari ya waye. LiFePO4 kam bolt ɗinsa yana zama tsakanin 3.2 da 3.3 kusan duk tafiyar sannan ya faɗi lokaci guda, don haka da zarar kaga 3.1 ka ɗauka saura kaɗan.

In ka samu rahoton bolt na sati biyu ka zana shi, zai gaya maka abin da ke faruwa ba sai ka je ba. Kullum ya kamata kaga ya hau da hantsi ya sauko da dare. In ƙololuwar tana raguwa kaɗan-kaɗan kowace rana a lokacin hunturu, ƙura ce, a je a goge. In hawan yana yankewa da ƙarfe ɗaya alhali da sai huɗu, inuwa ce ta shigo ko an ɗora wani abu. In yana cika da wuri kuma yana zubewa da wuri, batir ne ya tsufa. In babu hawa sam, waya ta tsinke ko an cire fanel, shi yasa yana da kyau tun ranar kafawa ka gaisa da maigadi ko mai gonar da ke maƙwabtaka ka nuna masa abin da kuma amfaninsa. Ka rubuta lamba da ranar sakawa a jikin kowane batir da maka. Wanda ya kumbura ko ya huje kuma kada a jefa shi a bola inda yara da 'yan jari bola ke tonawa kuma ake cinna wuta, ka naɗe bakinsa biyu da salatif, ka saka shi a gwangwani da yashi nesa da ɗaki har ka kai wa masu karɓar tsofaffin batura.